Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi: A Buɗe Wa Baƙin Yankari Turbar Ƙafa

Mai Girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da muƙarrabanka, ina roƙon Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin jama'ar da Ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ina cikin masu kai ɗalibai da iyali Yankari idan hutu ya zo. Roƙo ɗaya ne ya sa na rubuto, na kuma zaɓi in yi shi a bainar jama'a domin waɗanda suka fi ni sanin dajin su sa baki. Roƙon shi ne a tsara wa baƙin da ke sauka a masaukin Wikki turbobin tafiya da ƙafa, da rakiyar masu gadin daji, zuwa tsaunuka da kogwanni da kurmin bakin rafi da ke kewaye da masaukin. A sa wa kowace turba suna, a yanka mata lokaci da farashi, a rubuta a allo a ƙofar ofishin karɓar baƙi, yadda duk wanda ya iso zai gani ya zaɓa.

Kai ɗan Duguri ne, ba ni zan ba ka labarin wannan daji ba. Amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in tuna wa sauran masu karatu irin dukiyar da muke magana a kai. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe Yankari domin namun daji, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa shi, kuma a cikinsa ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya ke kiwo. Tun daga 2006 ɗin, duk abin da za a yi wa Yankari mai kyau, mabuɗinsa yana gidan gwamnati a Bauchi. Shi ya sa kai na nufa.

Ga yadda ziyarar yawancin mutane take kasancewa. A taso daga Bauchi da safe, a karya kwana a Dindima, a shiga ƙofa a Mainamaji, a yi ta gudu cikin daji har masaukin Wikki. A ajiye kaya, a gangara matakala zuwa ruwan ɗumi. Ruwan nan kuwa ba a yi masa ƙarya ba: yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa na nan a ma'auni 31 rani da damina, dare da rana, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Da la'asar a hau motar zagaya daji, a bi gefen Gaji, idan an yi sa'a a ga gwambaza da mazo da ɓauna, idan an yi babbar sa'a a ga giwa. A dawo, a kwana, a leƙa gidan tarihi da safe, a sake wanka, a kama hanya. Duk wannan abin so ne, ni ma ba na gajiya da shi. Sai dai wanda ya yi haka ya tafi, kamar baƙo ne da ya zo gidan biki ya tsaya a zaure ya juya. Tsaunin Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda daga samansa ake hango daji har iyakar ganin ido, bai taka shi ba. Tsaunin Kariyo, wanda ya fi ko'ina tsawo a Yankari, wajen mita 640, wataƙila ko sunansa bai ji ba. Haka kwazazzabon Tonlong da ke yamma.

Abin da ya sa na dage a kan ƙafa, na gan shi da idona. Wata shekara da hunturu, mun sauka daga mota za mu ƙarasa kogwannin Marshall, sai mai gadin dajin da ke rakiyarmu, dattijo ne mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya. Ya tsuguna gaban wani tulin kashin giwa, ya karyo tsinke ya barbaza shi. Ya nuna wa yara ƙwallayen aduwa a ciki, lafiyarsu lau. Ya ce, "Kun ga wannan? Ita ce ke shuka mana itatuwa. Ta ci a can, ta zo ta ajiye a nan da takinsa." Ya taɓa cikin da bayan hannu, ya dubi buzuzun da ke ta aiki a gefe, ya ce na jiya da yamma ne. Daga nan ya ja mu zuwa wani sawu a cikin yashi, ya karɓi igiyar takalmin wani yaro biyu ya ƙulla, ya zagaya sawun ƙafar gaba da ita, ya ce a ninka wannan tsawon sau biyu, tsayin giwar ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa. Yaran suka yi tsit. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tambaye shi yadda ya gane inda giwar ta dosa, ya nuna mata gefen da yatsu suka yaɓe ƙasa. Duk abin bai ɗauki tsawon lokaci ba, amma da muka koma makaranta na ce su rubuta abin da suka gani, kusan kowa wannan tsugunon ya rubuta. Daga saman mota, inji na ruri, kowa na riƙe da waya, babu yadda za a yi a ga wannan.

Haka itatuwa. Yaron da ya tashi a Bauchi ko Kano ko Jos a yau ya san daddawa, bai san ɗorawa a tsaye ba. Ya san man kaɗe, bai taɓa dafa jikin kaɗanya ba. A Yankari akwai kawo da marke da ƙirya da taura da maɗaci da maje da tsamiya da kuka da giginya, wasunsu sun yi girman da yanzu da wuya a same shi a wajen gandu, domin gatarin masu gawayi da zarton masu katako sun riga sun bi ta kai. Madobiya ma, wadda masu fataucin katako suka yi wa ca a Taraba da maƙwabtanta har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu, a irin wannan gandu ne kawai jikokinmu za su iya ganin babba. Wanda ya san itace da sunansa, ya ji abin da ake yi da ɓawonsa da saiwarsa, ya zauna a inuwarsa, ba ya kallonsa a matsayin buhun gawayi. Ni a wurina wannan ne babban amfanin turbar ƙafa, ya fi kuɗin shiga.

Tarihin mutane kuma yana nan a warwatse cikin dajin, domin kafin a keɓe shi mutane sun zauna a ciki. Kogwannin Marshall ɗakuna ne 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, ƙofar kowanne sai an rarrafa, ciki kuma zagayayye, an sa musu sunan P.J. Marshall, wanda ya ba da rahotonsu a 1980. Rijiyoyin Dukke sun haura 100, an haƙa su suna haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. A Shau Shau da Ampara akwai tsofaffin matoyan narka tama, da yawa suna tsaye har yau, ga kashin maƙera a zube. A Tunga Dutse akwai zane a jikin dutse. Wanda ya tsaya a gaban waɗannan matoya zai san cewa kakannin mutanen wannan yanki sun san sirrin fitar da ƙarfe daga dutse tun kafin Bature ya tako ƙasar. Ina son ɗalibina ya iso irin wannan wuri da gumi a goshi, ya hau gangaren da masu wurin suka hau, ya ga inda suka ɗebo ruwa, ya gane dalilin da ya sa suka zaɓi nan ba can ba. Tarihi a haka yake zama a zuciya.

Ranka ya daɗe, na san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da gaskiyarsu. Yankari ba gidan zoo ba ne. Ɓauna idan ta ji rauni ko aka yi mata ba-zata, ba ta da wasa. Giwa mai ɗa ba a gitta mata. Akwai dorina da kada a Gaji, akwai 'yan zakunan da suka rage. Dokar da ta hana baƙo ya kutsa daji shi kaɗai doka ce mai kyau, kada a taɓa ta. Amma wasu masu irin dajinmu sun daɗe da samun mafita. A gandun Mole da ke arewacin Ghana, daji ne irin namu, ga giwa ga ɓauna, baƙi na tasowa daga masaukin da ke kan tudu da sassafe da kuma yamma, su gangara da ƙafa zuwa wuraren shan ruwan dabbobi, mai gadi da bindiga yana gaba. 'Yan uwanmu Hausawan Tamale da Kumasi da suka je za su ba da shaida. A Kruger ta Afirka ta Kudu tun 1978 ake irin wannan tafiya, mutum takwas iyaka a tawaga, da masu gadi biyu. A nan gida ma, masu zuwa gandun Gashaka Gumti da ƙafa suke kwanaki suna hawa har Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Ƙa'idojin a bayyane suke: ƙaramar tawaga, a jera ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, ba gudu, abin da jagora ya ce shi ke nan, ƙananan yara kuma su tsaya a gajeriyar turba.

Muna ma da wata dama da magabata ba su samu ba. Tun 2014 ƙungiyar WCS mai kare namun daji ke aiki da gwamnatin jiha wajen tsaron Yankari, an horar da masu gadi, ana sintiri da na'ura mai rubuta inda aka taka, an kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Ke nan kafin tawaga ta fita da asuba ana iya duba inda garke ya kwana, a ce yau turba kaza a rufe take. Ba kunya ba ne a ce wa baƙo yau ba a zuwa Kariyo saboda giwaye na wajen. Shi kansa wannan labari ne da zai tafi da shi gida.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Jama'ar Duguri da Gwana sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindigar da ke fakewa a dazukan kan iyakar Bauchi da Filato da Taraba, an rasa rayuka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Masu gadin Yankari su ma an kashe wasunsu a bakin aiki a hannun mafarauta. Saboda haka ban ce a tura baƙo lungun da jami'an tsaro ba su lamunce ba. A fara da zuciyar dajin, kusa da Wikki, inda ake sintiri kullum. Idan hankali ya kwanta a faɗaɗa. Abin da na yi imani da shi shi ne, dajin da ƙafar mutanen kirki ke takawa kowace safiya, da oba-oba a hannun jagora, ya fi wuyar zama maɓoya a kan wanda aka bari shiru. Mai ɗana tarko ba ya son turbar da ake bi.

Game da turbobin kansu, masu gadi sun fi ni sanin inda ya dace, amma ga abin da nake hange. A fara da gajeriya, wadda dattijo da mai goyo za su iya, ta bi gefen rafin da ke fita daga ruwan Wikki, cikin inuwar kurmi, a zaga a dawo masauki cikin awa guda. A nan ne tsuntsaye suke. An ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 350 a Yankari, kuma da sanyin safiya a bakin ruwa ake ganin mafi yawa, daga cilakowa da hasbiya har zuwa masu zuwa daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Sai matsakaiciya, wadda za ta haɗa kogwannin Marshall da tsaunin Kariyo tunda suna kusa da juna, mota ta ajiye mutane a gindi, su hau su sauko kafin rana ta yi zafi. Kalban kuwa na la'asar ne, a hau a ga faɗuwar rana, a sauko kafin duhu. Masu ƙarfi a jika, ɗaliban jami'a da 'yan bautar ƙasa, a ware musu doguwa zuwa matoyan tama ko Tonlong idan tsaro ya ba da hali.

Lokaci ma a kiyaye shi. Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, ciyawa na fin mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka, a rufe dogayen turbobi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. A Maris da Afrilu an fi ganin dabbobi domin duk sun taru a Gaji, amma zafin bazara ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, sai a fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi. A kuma riƙa gaya wa baƙo tun kafin ya taso daga gida ya zo da takalmi rufaffe da gorar ruwa da hula, ya guji baƙaƙen kaya da shuɗi domin su ne ke jawo tsando. Abincinsa ya kasance cikin jaka a rufe, don birran masaukin Wikki sun san leda sarai.

Ba a buƙatar kwangila mai nauyi. Ina roƙo da babbar murya kada a zuba siminti, kada a sa katafila ta share hanya, kada a kafa ƙarafa a kan tsauni. Turbar ƙafa adda da fartanya ne ke yin ta, sai ɗan fenti a jikin dutse don alama, sai kututture a ƙarƙashin inuwa inda za a huta, da ɗan fili mai tsabta inda wanda lokaci ya riska zai yi salla. A jikin manyan itatuwa a rataya ƙananan alluna masu suna da Hausa da Fulatanci da harshen Dugurawa da sunan kimiyya. Malamai da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa za su iya wannan aiki, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos kuma ta san tsuntsayen Yankari, a nemi hannunta wajen haɗa ɗan littafin aljihu. Wuraren tarihi su ne ke son lura ta musamman. Dutsen kogwannin mai laushi ne, ƙusa ma tana kankare shi, matoyan kuma yumɓu ne, jingina ɗaya na iya rusa abin da ya tsaya ɗaruruwan shekaru. Kada a kai kowa can sai da jagora, kuma duk ledar da ta shiga daji ta fito a hannun wanda ya shigar da ita.

Sai batun wanda zai yi jagora, kuma a nan ne nake so ka fi saurara, Ranka ya daɗe. Mai gadi da bindiga aikinsa tsaro. Wanda zai yi bayani, a ɗauko shi daga ƙauyukan da ke kewaye, daga Mainamaji da Pali da Duguri da Gwana. A cikinsu akwai tsofaffin maharba da suka san kukan kowane tsuntsu, da Fulanin da suka san kowace ciyawa, da matasan da suka gama makaranta suna zaune. Waɗannan mutane su ne giwa ke shiga gonarsu ta cinye dawar shekara a dare ɗaya. Su ne aka ce kada su yi farauta, kada su yi kiwo, kada su sari itace a dajin da kakanninsu suka sani. An nemi haƙurinsu shekara da shekaru, ya kamata su ga ranar haƙurin a aljihunsu. An riga an gwada irin wannan da masu sa ido kan giwaye da aka ɗauka daga ƙauyukan, waɗanda ke sanar da manoma idan garke ya doso. A ɗora a kai. A horar da su, a ba su kaki da shaida, kuɗin kowace tafiya a fayyace rabonsa a rubuce: kaza na jagora, kaza na gandu, kaza na asusun ƙauye don gyaran aji ko famfo. Maharbin da ya ga cewa gwanki mai rai yana kawo masa kuɗi kowane mako, ba sai an yi masa wa'azi a kan ajiye bindiga ba. A sa mata cikin jagorori, domin akwai iyalai da makarantun 'yan mata da za su fi sakewa da mace a gaba.

Ta fuskar kuɗin shiga ma lissafin a fili yake. Baƙon da ya yi wanka ya zaga da mota ya gama abin da ya kawo shi a kwana ɗaya. Wanda ya ga allo mai turba huɗu zai ce bari in ƙara kwana in hau Kalban, gobe in je kogo. Ƙarin kwana ƙarin kuɗin ɗaki ne da abinci, da ciniki ga mai zuma da mai fura da nono a bakin ƙofa. Lambar motocinmu na yi wa Bauchi kirari da lu'ulu'un yawon buɗe ido, kuma wannan hanya ce mai araha ta cika kirarin. Idan ta yi kyau a Yankari, sai a kai ta gandun Sumu da duwatsun Dass da Geji.

Abin da nake roƙo a aikace bai da yawa. Ka umarci ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido ta zauna da shugabannin gandun, da masu gadi na ƙasa waɗanda ke kwana a daji, da WCS, da hakiman Pali da Duguri da Gwana, da jami'an tsaro, su fitar da turba biyu kacal don gwaji, ta bakin rafi da ta Marshall zuwa Kariyo. A share su da zarar ciyawa ta bushe, a horar da rukunin farko na jagorori, a buɗe a hunturu mai zuwa kafin hutun ƙarshen shekara. Bayan rani guda a zauna a duba abin da ya yi da abin da bai yi ba, a bayyana wa jama'a sakamakon. Ranar da aka buɗe, in Allah Ya kai mu, ina fatan kai ne za ka fara takawa, mu kuma malamai za mu kawo ɗalibai su bi bayanka.

Allah Ya taimake ka, Ya zaunar da Jihar Bauchi da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin labarin ƙasa, Bauchi.